Ga ɗalibin jami'a mai son koyarwa a sakandare

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce kana aji biyu a jami'a, burinka ka zama malamin sakandare, kana tambayar ta ina za ka fara shiri.

Fara duba irin digirin da kake yi. In a tsangayar ilimi kake, hanyarka a miƙe take. In kuwa zallar Lissafi ko Tarihi kake karantawa, bayan ka gama sai ka ƙara da difilomar koyarwa ta PGDE, wadda jami'o'i da cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ke bayarwa. Sai da shaidar koyarwa hukumar rajistar malamai ta TRCN ke yi wa mutum rajista, jarrabawarta kuma a kwamfuta ake yi.

Abin da ya fi kayar da sabon malami shi ne rashin sanin manhajar sakandare. Abin da ake karanta muku a jami'a daban, abin da ɗan SS2 ke buƙata daban. Tun yanzu ka nemi manhajar darasinka ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu, da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, ka riƙa amsa su da hannunka. Ka karanta rahoton manyan masu duba jarrabawa na WAEC, don a nan ake faɗin inda yara ke zubar da maki.

Gwajin koyarwa kuwa, wato lokacin da ake tura ɗalibi ya koyar a wata makaranta, kada ka ɗauke shi hutu, don malamin da zai duba ka yakan faɗo ba sanarwa. Darasi ɗaya yawanci minti 40 ne. Ba wa waiwayen darasin baya minti 5, bayani da misalai minti 25, sauran na tambayoyi da aikin gida. Wajen rubuta manufar darasi kada ka ce yara "su fahimci" abu, fahimta ba ta aunuwa. Ka ce su lissafo, su zana, su warware. Sabon shiga yakan cika allo da rubutu yana ba aji baya, kafin ya juyo 'yan kujerun baya sun ɓarke da surutu, an kaɗa ƙararrawa bai yi tambaya ko ɗaya ba. Raba allon gida uku, rubuta kaɗan, juyo, kira yaro da sunansa.

Za ka tarar da yaran da Turancinsu bai kai ba, musamman a JSS1. Ba laifi ka warware musu da Hausa, amma kalmomin darasin su zauna a bakinsu da Turanci, tunda da shi za a yi musu jarrabawa.

A lokacin hutu ka roƙi shugaban wata makaranta ta unguwarku ya bar ka ka zauna a bayan aji kana kallon gogaggen malami. Ka sa ya nuna maka yadda ake cika rajistar aji da littafin aikin mako da takardar sakamako.