Gudun da ya fi rage shan mai: abin da hanyar Kano zuwa Kaduna ta koya mini

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ka sayi Camry 'yar Kwatano mai atomatik, kana zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, mai yana neman ƙarar maka da albashi. Wani direba ya ce ka riƙa taka ta 120 don ka isa da wuri kafin inji ya daɗe yana ƙona mai, wani kuma ya ce kada ka kuskura ka wuce 60. Kana so ka san wa ke da gaskiya.

Dukansu babu wanda zan ce ka bi. Ni ma wannan hanya nake bi shekara da shekaru, aiki a Kaduna iyali a Kano, in taho ranar Juma'a in koma Lahadi da yamma, a tsohuwar Corolla mai atomatik. Da can ban taɓa damuwa da lissafin mai ba. In ɗora allura a 120 ko 130, in kunna karatu, sai dai a gan ni a Na'ibawa. Ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwana biyu uku, daga baya ma ta zarce 1,000, a nan ne na sayi ƙaramin littafi na jefa a aljihun mota na fara rubuta abin da nake sha.

Kafin komai, je ka duba malejinka. Yawancin Camry da ake shigo da su 'yan Amurka ne, manyan lambobin da ke jikin malejin mil ne, kilomita su ne ƙananan na ciki. Wani abokin aiki ya taɓa rage mini hanya a tasa motar, yana ta rantsuwa shi bai taɓa wuce 80 ba amma motar tana shan mai kamar tanki ya huje. Da na leƙa, 80 ɗin na mil ne, wato kusan kilomita 129 yake yi. Mil 60 kilomita 97 ne, mil 50 kuma 80. Duk lambar gudu da zan ambata daga nan kilomita nake nufi.

Maganar mai cewa ka yi gudu don ka isa da wuri tana da daɗin ji, shi ya sa take yawo a tasha. Inda ta karye shi ne iska. Mota tana tafiya tana keta iska, kuma turjiyar iskar ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi. In ka ninka gudunka sau 2, turjiyar ta ninka sau 4. Ka gwada fito da tafin hannunka ta taga kana 50, ka sake fitowa da shi kana 110, za ka ji yadda ake fizge maka hannu baya. Abin da gaban motarka gaba ɗaya yake fama da shi ke nan. Tsakanin 90 da 120 kawai, turjiyar ta kusa ninkawa biyu, saura ƙiris. E, za ka rage lokacin da inji yake kunne, amma a kowace kilomita abin da yake zuƙa ya fi abin da ka rage yawa. Ai mai ba da awa ake auna shi a tafiya ba, da nisan da lita ta kai ka ake aunawa.

Shi kuma mai cewa 60, ya kama wani ɓangare ya saki wani. Inji yana da abin da yake ci ko da motar a tsaye take: yana juya kansa, yana juya fanka da esi da caji. In kana rarrafe, wannan cin na dole yana rabuwa a kan 'yar gajeriyar tafiya, sai lissafi ya ɓaci. Ga kuma giya. A 50 ko 60, atomatik da yawa ba su gama zama a giyar ƙarshe ba, da an zo ɗan tudu ko ka taɓa totur sai ta sauko ƙasa inji ya hau kuka. Shi ya sa cikin gari, inda ba ka wuce 40, ya fi babbar hanya shan mai nesa ba kusa ba.

Wurin da ake nema yana tsakanin biyun: mafi ƙanƙantar gudun da mota za ta zauna a giyarta ta ƙarshe ta natsu, ba ta sauka ba ta hawa, ƙafarka tana shafar totur kawai. A ƙananan motoci irin namu, wannan wuri yana faɗowa ne tsakanin 70 da 90. Ba yau aka gano haka ba. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, abin da gwamnatin Amurka ta yi a farkon 1974 shi ne ta kafa doka a duk ƙasar kada a wuce mil 55, kusan kilomita 89, don a rage shan mai, kuma sai 1995 aka soke dokar gaba ɗaya. Motocin yanzu sun fi na wancan zamani santsin jiki da yawan giya, amma iska tana nan yadda take.

Yadda za ka gano na taka motar babu wahala. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya, irin bayan ka bar Kwanar Dangora, ka tashi a hankali kana kallon allurar juyin inji, wadda ke da lamba 1 zuwa 8. Duk sanda giya ta shiga za ka ga allurar ta faɗo. Bayan ta ƙarshe ta shiga, akwai wata 'yar faɗuwa kuma da ke biyo baya, kamar motar ta sauke ajiyar zuciya, a nan ne giyar take kulle kanta da inji ta daina zamewa. Tawa tana yin haka wajen 70. Ka ƙara 10 ko 15 a kan wannan don kada kowane ɗan tudu ya kwance ta, ka samu wurinka. Ni a 85 zuwa 90 nake zama, allurar tana ɗan sama da 2. In na kai 120 tana kan 3, kuma kunnena kaɗai ya isa ya gaya mini kuɗi ne ke fita ta salansa.

Amma kada ka yarda da ni, ka auna. Kuma kada ka auna da allurar mai, maƙaryaciya ce: rabin farko tana jan ƙafa, rabin ƙarshe ta gangaro kamar an tura ta. Ka cika tanki har bakin famfo ya yi ƙas na farko, ka hana yaron gidan mai ya ƙara matsawa ko ya girgiza motar. Ka mayar da ƙaramin malejin tafiya sifili. Ka je Kaduna ka dawo a gudu ɗaya, ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ka sake cikawa zuwa ƙas na farko. Ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Wani makon ka sake da wani gudun. Zuwa da dawowa nake cewa don hanya ba shimfiɗe take ba, kuma da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, mai zuwa Kano yana karo da ita, mai tafiya Kaduna tana tura shi. In kana 100 iska tana zuwa maka da 20, a wajen keta iska 120 kake yi. Na sha ganin wannan bambanci a watan Janairu har na fara zargin fulogi, ashe ba ruwansu.

A littafina, zuwa da dawowa, kilomita 460 da 'yan kai, in na yi ta a 120 nakan sha lita 36 ko 37. In na yi ta a 90, lita 28 ko 29. Lita 8 ke nan a kowane mako, ka buga da farashin yau ka ga abin da ya kama a wata. Na gwada 75 sau ɗaya tak. Ta ƙara rage ɗan wani abu, bai fi lita guda da rabi ba, amma na sauka da ciwon baya, tireloli suna ta yi mini hon, ban sake ba. Taka Camry ce, ta fi tawa nauyi da girman inji, lambobinka za su fi nawa, amma tazarar za ta yi kama da haka.

Lokaci fa? A takarda, kilomita 230 a 120 awa 1 da minti 55 ne, a 90 kuma awa 2 da minti 33. Minti 38. A zahiri bai kai haka ba, domin a Kura da Tashar Yari da Kwangila da Mararrabar Jos da kowane shingen bincike, mai gudu da mai bin sannu layi ɗaya suke bi. Sau nawa mota take wuce ni fuu kamar za ta tashi sama, in zo in tarar da ita a shinge mota uku gabana. Kuma dama ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ga motar gida a babbar hanya mai tagwaye 100 ce, ka ga 120 ɗin ma ba hurumin kowa ba ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na fara aunawa, lambar da ke kan maleji ba ita kaɗai ba ce, tsayuwar ƙafa ta kusa fin ta. Mutumin da ke tashi 110 ya faɗo 70 ya sake hawa, matsakaicinsa 90 ne amma ya fi wanda ya zauna daram a 95 shan mai. Duk birkin da ka taka, man da ka riga ka ƙona ne ka mayar zafi a taya. Ka riƙa kallon nesa. Ka hango shinge ko kasuwar bakin hanya ko tirela tana hawa tudu, ɗaga ƙafa tun daga nesa ka bar motar ta gangara da kanta. A tudu ka bar ta ta rage 5 ko 10, kada ka danne don ka riƙe lamba, za ta dawo da abinta a gangare.

Tunda na ambaci gangare, bari in taɓo firi, wato cire mota daga giya tana tafiya, don na san za a zo a ce maka ka riƙa sa ta. A zamanin kafireto, na'urar da ke ba inji mai a tsofaffin motoci, maganar tana da ɗan tushe. Motar inijekta irin taka, in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya tana gangarawa, kwamfutarta yanke mai take yi gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya inji. In ka sa firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Wato asara ka yi, ga shi ka rasa riƙon inji. Masu kashe mota ɗungurungum a gangare kuwa, wannan wasa da rai ne, birki yana ƙanƙarewa bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ya yi nauyi.

Akwai ƙananan abubuwa da za su iya ɓata maka gwajin ko ka zauna a 85 ɗin. Tsofaffin Toyota masu atomatik da yawa suna da ɗan maɓalli a jikin hannun giya. In ka ga fitilar O/D OFF a kunne a gabanka, motar ba za ta taɓa shiga giyar ƙarshe ba. Ɗana ya taɓa danna mini shi yana wasa, na yi Kano har Zariya inji yana ihu ina tsine wa man da na sha. Iskar taya ka bi lambar da ke jikin takardar da aka manna a ƙofar direba, a auna da safe taya na sanyi. Mai faci in ka bar shi da son ransa 45 ko 50 zai ɗura maka, in kuma ta yi ƙasa motar ta riƙa jan ƙafa. Kaya a saman mota ya fi kaya a but cin mai sosai, don iska yake tarewa. Buhu biyu a kan rufi sun isa su cinye duk ribar da ka samu. Esi kuma, a cikin gari kashe shi yana taimakawa, amma a 90 sauke gilashi huɗu ba wata riba, ni kunna abina nake yi.

Sai tamostat, ɗan abin da ke tsare ruwan inji har ya kai zafinsa. Wani bakanike ya cire mini nawa, ya ce wai na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu. Wata uku allurar zafi ba ta kai tsakiya a kan hanya, shan mai ya ƙaru ban san dalili ba. Inji in bai kai zafinsa ba, kwamfuta tana ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. Da na mayar da sabo lissafin littafina ya koma yadda yake. In 'yar Kwatanon taka ta taɓa kwana a gareji, ka sa a duba ko yana nan.

Na san akwai wuraren da mutum ba ya son ya yi nawa, musamman in duhu ya fara. Ban ce ka tsaya lissafin lita a irin wannan wuri ba. Ni abin da na yi, na daina tasowa bayan la'asar, na koma tasowa da azahar, sai ban da dalilin gudu. Kuma in za ka zauna a 85 ko 90, ka riƙe hannun dama ka bar wa masu sauri hagu, kada kuma ka maƙale a gindin tirela wai tana tare maka iska, ba ka ganin rami ba ka ganin abin da ya sa ta taka birki.

Ka fara da 90 wannan makon, mako mai zuwa ka yi 105, ka kawo mana lambobin biyu tare da shekarar motar da girman injinta, silinda 4 ce ko 6, mu duba tare.