Amsa: Oga ya ce in ƙara kuɗi a rasit

'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kina aiki a sashen kuɗi, oganki ya ce ki rubuta naira dubu 200 a kan kayan dubu 120, kina tsoron in kin ƙi a kore ki.

Ki buɗe Luka 3:12-14 a Littafi Mai Tsarki. Masu karɓar haraji da sojoji sun tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi. Bai ce su ajiye aiki ba. Masu haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka yanka, sojoji kuma kada su ƙwaci na kowa, albashinsu ya ishe su. Don haka ba lallai ki bar ofis ba, amma hannunki kada ya hau takardar nan. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, wanda ya sa hannu za su nema, oga kuwa zai ce bai san zancen ba.

Kada ki tsaya yi masa wa'azi, nan ne wasu 'yan'uwanmu suke ɓata lamari. Ki ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, wannan ba zan iya sa hannu ba. In umarni ne, a ba ni a rubuce." Da wuya ya rubuta. Ki adana kwafin ainihin rasit ɗin. In ya matsa, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci da rashawa tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Ki shaida wa fastonku ko dattijo ɗaya mai riƙe sirri, amma kada ki kai zancen taron zumuntar mata. Ki kuma shirya zuciyarki, don mai yiwuwa ne a canja miki wurin aiki.