Amsa: ScaLAPACK ya ƙi harhaɗuwa bayan sabunta gfortran

Malam, ka ce ScaLAPACK 2.1.0, ɗakin manhaja (library) na lissafi da ake rarraba wa kwamfutoci da yawa, yana harhaɗuwa (compile) lafiya a da, amma tun da ka koma GCC 10, wato tarin manhajojin harhaɗawa na GNU, sai gfortran, mai harhaɗa rubutun yaren Fortran a cikinsa, ya riƙa tsayawa, yana ƙorafin cewa ƙimomin da aka miƙa wa wani aiki (subroutine) ba su dace da juna ba.

Laifin ba na kwamfutarka ba ne. Tsohon rubutun Fortran 77 yakan kira aiki guda sau biyu, nan a miƙa masa lamba ɗaya, can kuma jerin lambobi, kuma daga GCC 10, wanda ya fito a 2020, gfortran ya daina kau da kai daga wannan. Ka ƙara -fallow-argument-mismatch a zaɓuɓɓukan Fortran, kuskuren zai koma gargaɗi, sannan ka share tsofaffin fayilolin da aka harhaɗa kafin ka sake farawa, domin nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe.

Kada ka saka -ffast-math don neman sauri, saboda yana lalata binciken NaN, wato alamar sakamakon lissafin da ba lamba ba ne. Idan gwaje-gwajen ɗakin manhajar suka faɗi bayan haka, ka aika wa masu kula da shi a GitHub cikakken saƙon kuskuren, tare da sigar gfortran da ta MPI, manhajar da ScaLAPACK yake amfani da ita wajen musayar saƙo tsakanin kwamfutoci.