Tambayi Likita: Saƙa, Kyanwa da Mantuwar Tsufa

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta haura shekara 70, kullum tana riƙe da zare tana yi wa jikoki saƙa. Yanzu yatsunta na ciwo, da dare kuma hannun ya mutu har ta farka tana yarfe shi. Mu hana ta saƙar ne?

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ku raba Mama da zarenta. Abu biyu nake zato. Ciwon yatsu, musamman gindin babban yatsa, yawanci amosanin gaɓɓai ne na tsufa, wato guringuntsi ya zaizaye, kuma irin wannan gaɓa in aka daina motsa ta sai ta ƙara sandarewa. Mutuwar hannu da dare kuwa daban ce. Akwai jijiyar da ke ratsa wata matsattsiyar hanya a wuyan hannu, in ta danne sai babban yatsa da manuniya da na tsakiya su mutu, ko a ji kamar ana tsira allura.

Ta riƙa tsoma hannu a ruwan ɗumi kafin ta fara, ta ajiye saƙar duk bayan minti 20 ko 30 ta miƙe yatsu, ta koma allura mai kauri. Abin ɗaure wuyan hannu da ke riƙe shi a miƙe lokacin barci yana taimakawa sosai. A kuma gwada mata suga. In yatsun na kumbura, ko sandarewar safe na wuce awa guda, ko abu na suɓucewa daga hannunta, ku kai ta asibiti.

Tambaya: Tunda mahaifinmu ya yi ritaya, aikinsa ke nan wasan cike gurbin kalmomi da Sudoku, wato wasan jera lambobi a gurabe. Zai kare shi daga cutar mantuwa? Kwanan nan ba ya sa baki in ana hira, rediyo ma sai ya ƙure ƙara.

Amsa: Malam, gaskiya zan faɗa maka. Mai yawan Sudoku yana ƙwarewa a Sudoku, yana jin daɗi, hankalinsa na aiki, wannan duk alheri ne, a bar shi da abinsa. Amma wasan shi kaɗai ba rigakafin cutar mantuwa ba ne.

Ƙarshen saƙonka ne ya fi tsaya mini a rai. Dattijon da ya yi shiru cikin iyalinsa, yana ƙure rediyo, kunnensa nake fara dubawa. A shekarar 2024 kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. Raunin ji na cikinsu, tare da raunin gani, hawan jini, ciwon suga, shan taba, rashin motsa jiki da kaɗaici. Wanda bai ji abin da ake faɗa ba yakan gaji da cewa "me kuka ce?", sai ya janye, iyali kuma su ɗauka halin tsufa ne. Wannan yana ba ni tausayi, domin wani lokaci dattin kunne ne kawai ya toshe, wani lokaci kuma na'urar ƙara ji ce za ta dawo da shi cikin hira.

Ku kai Baba gwajin kunne da na ido, a auna jininsa. In za ku yi masa magana ku fuskance shi, ku yi a hankali, ban da ihu. A sa jika ya zauna su warware wasan tare. Hukumar Lafiya ta Duniya na son wanda ya kai shekara 65 ya samu motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, tafiya da ɗan sauri ma ta isa.

Tambaya: Shekarata 74. Tun rasuwar matata kyanwa ce abokiyar zamana, yara kuma sun ce za ta sa mini cuta.

Amsa: Baba, Allah Ya jiƙan Mama, Ya ba ka haƙuri. Riƙe kyanwarka. A yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, a kwashe kashinta kullum, a wanke hannu da sabulu, sai dai mai juna biyu kada ta yi aikin kwashe kashin. In ta cije ka ko ta yaƙushe ka, wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 ka je asibiti a ranar, domin haƙorinta siriri ne, yana kai ƙwayar cuta can ciki. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ta gitta maka da dare ka faɗi. Ka rataya mata 'yar ƙararrawa a wuya, ka bar fitila a kunne a hanyar banɗaki.