Amsa: Nutso Asabar da Lahadi, sai jirgin sama da daddare?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya bin jirgin ruwa zuwa wasu tsibirai masu nisa, ka yi nutso da tukunyar iska Asabar da Lahadi, sannan ka hau jirgin sama Lahadi da daddare. Kada ka kuskura. Yawancin iskar da ke cikin tukunyar da kake goyawa naitirojin ce, kuma can ƙasan ruwa tana ratsa jini da tsoka. In ka tashi a jirgin sama, inda matsin iska ke raguwa, kafin ta gama fita, sai ta zama kumfa a jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi da jiri, wani lokacin har shanyewar jiki. Shawarar ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ita ce kafin hawa jirgin sama a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi da yawa. Da ni ne, sai Litinin zan tashi.

Kafin ka biya, tambayi masu jirgin ruwan ko suna ɗauke da oksijin na gaggawa, da kuma nisan asibitin da ke da ɗakin matsin iska, inda ake jinyar wannan ciwo, don galibi irin waɗannan tsibiran ba su da shi. In takardar Open Water gare ka, wato shaidar matakin farko na koyon nutso, iyakarka mita 18. Wajen fitowa ka dakata minti 3 a mita 5.