Tambaya da Amsa: Mahauta sun kai ƙarata wurin mahaifina

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin duba nama ne a wata kwata a jihar Gadarif da ke ƙasar Sudan. Kwanakin baya na tsaga huhun wata saniya da aka yanka da asuba, sai na tarar da ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa waɗanda wuƙa ke ƙaras-ƙaras in ta ratsa su, na kuma same su har a hanta, don haka na ƙi buga hatimi. Mai saniyar ya tsaya a kaina da wuƙar fiɗa a hannu yana cewa ya san hanyar gidanmu. Da magariba kuma dattawan mahauta suka sami mahaifina, wai ina toshe wa 'yan'uwana Hausawa hanyar abinci. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka siffanta alamar tarin fuka ne na shanu, ciwon da ke kama mutum, kuma tunda ya bar huhu ya kai hanta, ka yi daidai da ka hana naman fita. A ƙasar da ake cin marara, wato hanta da huhu ɗanye da albasa da barkono, hatiminka ne ke tsakanin cuta da akushin iyali. Mutanen jihohin Sinnar da Jazira da Farin Nilu ba su manta da 2007 ba, shekarar da zazzaɓin Rift Valley, wanda ake ɗauka daga jinin dabba mai ciwo, ya kashe fiye da mutum 200. Wanda hannunsa ke wuni cikin jini shi ya fi kowa kusa da irin wannan haɗari, wato mutumin da ya zare maka wuƙa.

Barazanar kuwa kada ka haɗiye ta. Ka rubuta abin da ya faru da rana da lokaci da sunayen shaidu, ka miƙa wa likitan dabbobin da ke shugabantarku, a sanar da 'yan sanda, kuma kada ka sake yanke hukuncin hana nama kai kaɗai ba tare da abokin aiki a gefenka ba.

Sai dai ina so ka tuna cewa mahauci sau da yawa bashi yake ɗauko dabba daga hannun dillali, sai ya sayar ya biya, don haka asarar saniya guda na iya karya masa jari. Wannan bai halatta masa wuƙa ba, amma dalili ne na tsananta duba dabba tun tana tsaye, da kuma shawartar shugabannin mahauta su kafa asusun taimakon wanda aka hana wa nama.

Batun dattawa ya fi damuna, domin matsin gida ya fi na kwata nauyi. Ka roƙi mahaifinka ya gayyace su kwata ranar da aka sake samun irin wannan huhu, ka tsaga shi a gabansu, ka miƙa wa babbansu wuƙar ya ji ƙarar da kunnensa.