Imani da shakka a sansanonin 'yan Nazi

Tambaya: Malam, na karanta cewa 'yan Nazi sun hallaka Yahudawa kusan miliyan 6 a Yaƙin Duniya na Biyu. To waɗanda aka tsare a sansanonin gwale-gwale, sun riƙe imaninsu ne ko sun yi watsi da shi?

Amsa: An samu duka biyun, wani lokaci ma a zuciyar mutum ɗaya. Da farko dai ba kowa ne ya shiga sansani da addini ba. Primo Levi, masanin sinadarai ɗan Italiya, an kai shi sansanin Auschwitz da ke Poland a 1944 bai yarda da samuwar Allah ba, haka kuma ya fito. Ya ce ranar da ake tantance waɗanda za a tura ɗakin iskar guba, addu'a ta zo masa har baki, amma ya haɗiye ta, don a ganinsa rashin gaskiya ne ya nemi wanda ya ƙi tun yana lafiya, sai yanzu da wuya ta yi wuya.

Masu ibada kuwa, abin da suka fi kai wa malamansu fatawa ce. A Kaunas ta Lituweniya, an tambayi Rabbi Ephraim Oshry ko wanda ake sa wa aikin tilas zai iya karanta addu'ar safe da ake gode wa Allah da bai yi mutum bawa ba. Ya ce a karanta, domin jiki aka bautar, ba rai ba.

Wadda ta fi nauyi ta faru a Auschwitz, lokacin sabuwar shekarar Yahudawa ta 1944. An ware yara maza kusan 1,400 za a kashe. Wani uba ya je wurin Rabbi Zvi Hirsch Meisels, ya ce yana da abin da zai ba masu gadi su sako masa ɗansa tilo, sai dai ya san za su kamo ɗan wani su cike adadi. Ya halatta? Malamin ya ƙi yanke hukunci, ya ce ba littafi a gabansa, ba malamin da zai shawarta. Uban ya ɗauki ƙin amsar a matsayin haramci, bai fanshi yaron ba.

Kada ka ɗauka mai imani ba ya ƙorafi. Mu nan Annabi Ayuba da haƙuri muka san shi, amma a littafin Yahudawa yana doguwar muhawara da Ubangiji kan dalilin wahalarsa, don haka kai kuka da tuhuma ba baƙon abu ba ne a addininsu. Dubi Rabbi Kalonymus Shapira na unguwar da aka killace Yahudawan Warsaw. Ɗansa ya mutu a ruwan bama-baman 1939, duk da haka ya ci gaba da wa'azi. Da farko kiran tuba yake yi. Daga baya maganar ta koma cewa Allah ma yana kuka a ɓoye tare da bayinsa, kuma a ƙarshen 1942 ya rubuta cewa ba a taɓa ganin irin wannan bala'i a tarihinsu ba. An kashe shi a 1943, rubuce-rubucensa da aka binne aka tono bayan yaƙi.

Muhawarar ba ta ƙare da yaƙin ba. A 1966 Richard Rubenstein, malami a Amurka, ya ce bayan Auschwitz ba zai iya yarda da Allahn da ke juya tarihi ba. Emil Fackenheim, Bayahude masanin falsafa, ya amsa cewa Bayahuden da ya bar addininsa saboda abin da ya faru ya miƙa wa Hitler nasarar da bai samu ba yana raye. Akwai kuma malaman da suka ce horo ne saboda zunubi, fassarar da yawancin masanansu suka ƙi, ganin cewa yara kusan miliyan 1.5 na cikin waɗanda aka kashe.